Koren Gemun Malam Lukmanu

Rakiya ta dawo daga kasuwar Karu ranar Asabar da hantsi, ɗauke da ƙullin busasshen zoɓo da citta da kanumfari. Tun daga bakin ƙofa wani wari ya tare ta, mai hawa kai, kamar an haɗa fitsarin da ya kwana da ruɓaɓɓen ƙwai. Ta ajiye kayan a kan baranda, ta ja gefen mayafinta ta toshe hanci.

"Abban Maimunat! Me ya mutu a gidan nan?"

Sai ƙarar ruwa daga banɗaki.

Duk wanda ya san Rakiya a layinsu na Kurudu ya san ta da ƙyanƙyami. Zoɓo take yi tana zubawa a gorori ana kai wa ma'aikatan ofisoshi a Garki, kuma abin da ya sa ake rububin nata shi ne tsafta. Ko ƙuda ɗaya ya sauka a bakin tukunya, sai ta zubar da abin da ke ciki. Mijinta Malam Lukmanu kuwa shekara talatin da biyar ya yi a wata ma'aikatar gwamnati a Eriya Wan, yana kula da ɗakin ajiye fayil, har ya yi ritaya wata takwas da suka wuce. Gemunsa ya daɗe da yin fari, yana sa masa lalle duk bayan sati biyu, har yaran unguwa suka sa masa suna Baba mai jan gemu. Bai taɓa damuwa ba, sai da Godfrey, tsohon abokin aikinsa, ya samo masa intabiyu a wani kamfanin gine-gine a Eriya Ilebin ranar Litinin. Da za su rabu Godfrey ya ce masa, "Oga, masu kamfanin nan yara ne fa. Ka yi wani abu a kan gemun nan, kada su ɗauka kakansu ya zo."

Ranar Alhamis Malam ya sayo wani baƙin gari a ƙunshi wajen mai tallar kaya a baro, ya kwaɓa ya shafa. Gemun ya fito baƙi ƙirin kamar an goga masa man takalmi, har da fatar kumatunsa. Amma ranar Juma'a bayan an sallame, liman ya ja shi gefe ya ce masa cikin ladabi malamai ba sa son baƙin rini ga mai furfura. Malam ya dawo gida bai ko taɓa abincin rana ba.

Yanzu Rakiya ta tura ƙofar banɗakin, warin ya bugo ta har idonta ya kawo ruwa. Abin da ta fara gani shi ne farar robar da take tace zoɓo, a ƙasa kusa da bakin masai, cike da wani kumfa mai ruwan toka. Cokalinta na miya na tsaye a ciki.

"Innalillahi! Robata? A nan?"

"Ita na gani a kusa," in ji Malam, bai juyo ba. Yana tsaye gaban madubi da singileti, tawul a wuya.

"Juyo in gani."

Ya juyo a hankali. Rakiya ta ja da baya har ta bugi ƙyaure. Gemun ya zama kore. Ba kore mai kyau irin na ganye ba, kore mai dauɗa irin na gansakukar da ke bin bakin kwata, da ɗigon baƙi nan da can, can ƙasa kuma wani rawaya-rawaya kamar majina. Fatar da ke ƙarƙashi ta yi ja ta kumbura. Ruwan da ke ɗiga daga haɓarsa ya ɓata tawul ɗin.

"Me ka sa?"

"Wata yarinya ce a shagon kayan kwalliya ta ba ni farin gari da ruwa a kwalba. Ta ce bilic ne, da shi mata suke koɗar da gashi. Na ce mata so nake baƙin ya ɗan sauka ya koma ƙasa-ƙasa. Ta ce minti ashirin."

"Kai kuma nawa ka yi?"

"Na ga kamar bai ci ba, sai na ƙara ashirin."

Ta fita tsakar gida ta tofar da yawu sau uku, ta kurkure baki, amma warin yana nan manne a maƙogwaronta.

Malam bai yarda abin ya fi ƙarfinsa ba. Ya zauna a falo da waya yana latsawa, can ya ɗago ya ce ya ga inda aka rubuta tumatirin gwangwani yana cire kore daga gashi. Kafin Rakiya ta buɗe baki ya shiga kicin ya fasa gwangwani biyu, ya dumbuza da hannu ya cusa a gemun, ya ɗauki kujera ya zauna a tsakar gida wai rana ta taimaka. Ba a yi minti biyar ba ƙudaje suka same shi. Manya, masu koren baya, irin waɗanda ke taruwa a kwatar mahauta. Yana korarsu da jarida suna dawowa, wasu har suna maƙalewa a cikin tumatirin suna wutsil-wutsil da ƙafa. Tumatirin ya fara bushewa yana tsagewa, wani jan ruwa yana gangarowa ta wuyansa cikin singileti. Rakiya ta leƙo ta taga ta ga kamar mutumin da aka yanka bai mutu ba. Ta rufe taga, ta rufe ƙofar kicin, ta lulluɓe duk wata tukunya da ke gidan.

Da ya wanke, koren yana nan yadda yake, sai tsami da ya ƙaru a kan warin. Ya matse lemon tsami ya shafa, sai ga dattijo ɗan shekara hamsin da takwas yana tsalle a tsakar gida yana salati, don lemon ya shiga inda fata ta saɓule. Da aka kira azahar ya lalubo takunkumin da ya rage tun lokacin korona ya ɗaura don ya je masallaci, ya duba madubi, ya ga koren ya leƙo ta ƙasa da gefe da gefe. Ya cire ya shimfiɗa darduma a ɗaki.

"Ka aske shi kawai," Rakiya ta ce bayan ya idar. Daga bakin ƙofa take magana, ba ta shiga ba.

"Tun da aka haifi Maimunat reza ba ta hau fuskata ba. Shekara ashirin da bakwai."

"To ka je musu a haka. Su ce ga ɗan kada ya fito daga rafi."

"Rakiya!"

"Ni dai ba zan iya cin abinci ina kallon wannan abu ba, gaskiya na gaya maka."

Ta sa hijabi ta fita. A bakin mahaɗar layinsu akwai kwantenar da Sandra take gyaran gashi. 'Yar kudancin Kaduna ce, ta kai shekara goma a unguwar, ita ce ma ta yi wa 'yarsu Maimunat gyaran kai lokacin bikinta. Rakiya ta jira har ta sallami wadda take yi wa kitso, sannan ta matsa kusa ta faɗa mata ƙasa-ƙasa. Sandra ta dafe ƙirji.

"Bilic a kan baƙin gari? A kan lalle kuma? Kai, Mama, wa ya aike shi?"

Suka taho tare. Malam ya so ya ɓuya, amma Rakiya ta ce ai ba a ɓoye wa mai magani ciwo. Ya fito baranda ya zauna yana kallon ƙasa. Sandra ta rusuna ta gaishe shi, ta tsaya nesa kaɗan. Ta ga abubuwa da yawa a sana'arta, amma sai da ta yamutsa fuska ta kau da kai.

"Sannu, Baba. Ni ba zan taɓa ba, Mama ce za ta yi, ni in faɗa mata. Mama, ki ja gashi ɗaya a hankali mu gani."

Rakiya ta sa hannu a cikin baƙar leda, ta kama 'yan silin gashi da yatsu biyu ta ja. Suka miƙe kamar yauƙin kuɓewa, suka tsinke suka manne a ledar. Ta yarfe hannu da sauri.

"Kin gani," in ji Sandra. "Gashin ta dahu. In aka ƙara mata wani kemikal, gobe a kan filo za ku tsince shi. Wannan baƙin gari da Baba ya saya, shuni ne a ciki, irin na masu rini. Bilic ya cinye jan lalle, ya mai da gashi rawaya, amma shuni ba ya fita. Shuɗi a kan rawaya, shi ne koren nan."

"To a ƙara baƙi a rufe shi mana," Malam ya ce.

"Ka ga fatarka kuwa, Baba? Baƙin nan in ya shiga ciwo, asibiti za a kwana. Kuma ko ya rufe, in ka shiga rana koren zai riƙa leƙowa. Kala da kala ake kashewa. Da ruwan lemo ya fito, da shuɗi za mu sa. Da rawaya ne, akwai shamfu mai launin shunayya. Kore kuwa ja ne maganinsa, ja a kan kore sai ya ba ka ƙasa-ƙasa."

"To ai tumatir ja ne."

Sandra ta danne dariya. "Tumatir na miya ne, Baba."

Ta ce a samo lalle zalla, ganye, wanda ba a haɗa da komai ba, a daka a tankaɗe, a kwaɓa da ruwan zoɓo mai kauri don jan ya ƙara ƙarfi. Amma ba yau ba. Yau a wanke da ruwa mai ɗumi, a cika gemun da man kaɗe a bar shi ya huta, fatar ma ta samu sauƙi. Ta sa Rakiya ta yanko ɗan tsagi daga gemun da almakashi, ta ce a fara gwadawa a kansa, ita za ta dawo gobe in an tashi daga coci.

Jin an ambaci zoɓo, ran Rakiya ya ƙara ɓaci. Abin da take dafa wa mutane su sha, shi za a kwaɓa a shafa a wannan ƙazanta. Amma ba ta da wata dabara. Malam ya kwana a falo, a kan tsohon zanen da ta riga ta yanke shawarar ba zai sake komawa cikin kayanta ba.

Da safe ta daka lallen, ta tankaɗe shi da tsumma don ba za ta sa rariyarta ba. Ta tafasa zoɓo a gwangwanin madara har ya yi kauri kamar jini, ta kwaɓa a cikin wani fasasshen kwano da kaji suke shan ruwa a da. Kwaɓin ya fito kamar ɗanyen kashin shanu, da kaurinsa da kalarsa. Ta tsoma ɗan tsagin gashin a ciki ta rufe. Wajen sha biyu da rabi Sandra ta shigo da kayan coci da ɗankwalinta, ta ɗauraye tsagin ta ɗaga shi a rana. Ya koma ƙasa-ƙasa mai ɗan ja, kamar bawon goro.

"Ya yi. Mama, bisimilla."

Aka zaunar da Malam a kan turmi a inuwar katanga, aka yafa masa buhu a kafaɗa. Rakiya ta ɗaura ɗankwali a hanci, ta sa leda biyu a kowane hannu. Ta fara shafa man kaɗe a inda fata ta saɓule, wurin yana fitar da wani ruwa-ruwa mai danƙo. Sannan ta ɗebo kwaɓin ta fara cusawa daga tushe, Sandra na tsaye a bayanta tana cewa nan bai samu ba, a ɗaga nan, kada a murza. Gashin yana da santsi da man da ya kwana a ciki, kuma duk shafa ɗaya sai wasu sun biyo hannunta. Warin lalle ya haɗu da na man kaɗe da sauran tsamin jiya. Sau biyu tana tashi ta je bayan ɗaki ta tsaya tana numfashi.

Da Sandra ta matsa gefe amsa waya, Malam ya yi magana ba tare da ya motsa haɓa sosai ba.

"Kin san abin da ya fi ci mini rai? Da, ko darakta ne yake neman takarda sai ya aiko a ce a tambayi Malam Lukmanu. Wata takwas ke nan wayata ba ta ƙara sai in an yi rasuwa."

Rakiya ba ta daina shafawa ba.

"Na sani," ta ce. "Amma da ka tambaye ni. Shekara talatin muna tare, ka tafi kana neman shawara wajen mai baro da yarinyar shago. Shi kuma Godfrey da ya ce ka rina, kansa ko gashi ɗaya babu. Rufe bakinka, zai shiga."

Ta naɗe gemun da leda, ta ɗaure ta bayan kunnuwansa. Sandra ta ce awa uku, ta tafi gida cin abinci. Malam ya zauna a ɗaki da ƙullin leda a haɓa, zufa tana narkar da lallen yana ɗiga a kan buhun. Rakiya ta wanke hannu da omo har sau huɗu, duk da haka tana jin kamar abin yana ƙarƙashin farcenta. Ranar ba ta iya cin tuwo da hannu ba, kuma miyar kuka ce, da ta kalli kalarta sai ta ture kwanon.

Bayan la'asar aka kwance. Malam ya durƙusa a bakin magudana, Rakiya tana zuba ruwa da buta daga sama, baƙin ruwa mai guntayen gashi yana bi ta rariya. Sai da aka ƙarar da bokiti uku kafin ruwan ya fara fita fari. Sandra ta dawo ta sa ya fito fili inda rana take, ta zagaya shi tana dubawa.

Daga kumatu zuwa tsakiya ya koma ƙasa-ƙasa, mai duhu a wani wuri, mai ja a wani wuri, amma dai kalar da mutum zai iya fita da ita. Ƙarshen gemun ne ya ƙi. Nan ne bilic ya fi ci, ya tsaya wani kore-kore mai baƙi, a cukurkuɗe kamar tsohon soso.

"Wannan ya mutu, Baba," in ji Sandra. "Ko an sake sau goma ba zai kama ba. Sai almakashi."

Malam ya shafa wurin, ya dubi abin da ya biyo yatsunsa. Sannan ya ce, "A bar mini kamu ɗaya."

"Ba zai kai ba," Rakiya ta ce. "Rabin kamu dai."

Ita ta yanke, Sandra na nuna mata inda za ta daidaita. Guntayen suka zube a ƙasa kamar matattun tsutsotsi. Da aka gama fuskarsa ta yi wani iri, ƙarama, kamar ba shi ba. Sandra ta ce ya riƙa shafa man kaɗe safe da yamma, kada sabulu mai ƙarfi ya taɓa wurin, kuma in fatar ta fara ruwa sosai ya je kemis ko asibiti, kada ya tambayi waya. Malam ya yi mata godiya har da sa albarka. Rakiya ta share gashin da doguwar tsintsiya, ta haɗa da robar, da cokalin, da tawul, da zanen, da buhun, ta ƙulle a leda ta kai bola da kanta.

Ranar Litinin ya sa farar shadda da hula zanna, ya fita tun bakwai don ya riga cunkoson hanyar Nyanya. Bai dawo ba sai bayan la'asar. Ya zauna a kujera ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Yaya aka yi?"

"Awa huɗu muna zaune, mu tara. Da aka kira ni, sai aka shigar da ni wani ɗaki babu kowa, sai kwamfuta a kan tebur. Wai mai yin tambayoyin tana Legas."

"To?"

"Muna fara gaisawa hoton ya tsaya cak. Ta ce netwok ba kyau, a kashe kyamara mu yi da murya kawai."

Rakiya ta tsaya da ludayi a hannu.

"Kana nufin ba ta gan ka ba?"

"Ko hulata ba ta gani ba. Ta tambaye ni yadda zan tsara takardun filaye na shekara goma da suka tara a kwalaye. Na yi mata bayani. Ta ce za su kira."

Rakiya ta ja tsaki mai tsawo, irin wanda ba ta taɓa yi a gabansa ba, ta koma kicin. Can ya jiyo ta tana magana ita kaɗai tana buga murfin tukunya.

Bayan kwana goma sha biyu suka kira. Aikin wata uku ne, in ya yi kyau a sabunta. A lokacin fatar haɓarsa ta fara saɓa tana zubowa kamar dusa, farin gashi kuma ya fara tsirowa daga tushe, ya zama fari a ciki, ƙasa-ƙasa a waje. Safiyar da zai fara aiki ya tsaya a bakin ƙofa da jakarsa ta tsohon ofis, ya ɗaga haɓa.

"Ana gani?"

"Ana gani."

"Sosai?"

Ta dube shi. Ɓawon fatar ya zuba a wuyan rigarsa fari-fari. Ta waiwaya ta ɗauko mafici a kan kujera, ta kakkaɓe masa da bakinsa daga nesa, tana kau da fuska.

"Takardu aka kira ka ka gyara. Tafi kada motar ta cika. In ka dawo ka kakkaɓe rigar nan a waje kafin ka shigo mini ɗaki."

Ya sa hula ya fita, ta bi bayansa da tsintsiya tana share inda ya tsaya.